Murhun rana: a saya ko a ƙera?

Duk wanda ya bi hanyar Madawa zuwa Buza, ko ya gangara daga duwatsun Adar zuwa Keita da hantsi, zai gamu da abu biyu da ba su ɓuya. Na farko rana ce mai dukan ƙeya tun ba a kai ƙarfe goma ba. Na biyu kuwa mata ne da ƴan mata, da jakuna da amalanke, ɗauke da iccen girki wanda kowace shekara sai an ƙara nisa kafin a same shi. Rana tana zuba kyauta, icce yana ƙara tsada. Wannan ne ya sa maganar murhun rana, wato na'urar da ke dafa abinci da zafin rana ba tare da icce ko gawayi ko gaz ba, take ta komowa a bakin ma'aikatan gwamnati da ƴan kasuwa na jahar Tawa. Tambayar da magidanta ke yi ita ce: shin a fidda kuɗi a sayi wanda aka ƙero daga waje, ko kuwa a nemi katako da gilashi a haɗa shi a gida?

Kafin a kai ga amsa, ya kamata a tuna dalilin da ya sa tambayar take da nauyi a wannan yanki. Bayan farin 1973 da 1974, ma'aikatan gandun daji tare da ƙungiyar CARE sun soma dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya, cikin ƙasar Buza, tun daga 1975, domin tare iskar da ke kwashe ƙasar noma. A 1984, shekarar da fari ya sake aukuwa, aka buɗe babban furojen raya karkara na Keita da kuɗin ƙasar Italiya, hukumar FAO tana gudanarwa, hukumar PAM tana biyan ma'aikata da abinci. An jera duwatsu a kan tudu, an haƙa ramuka, an gina madatsun ruwa, an dasa miliyoyin itatuwa, kuma mafi yawan waɗanda suka ɗauki duwatsun nan a ka mata ne. Itatuwan da ke tsaye yau a Adar, Dutsi da Majiya gumin iyaye ne. Kowace tukunya da aka ɗora bisa duwatsu uku tana cin wani abu daga wannan gado. Ga kuma hayaƙi: hukumar lafiya ta duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 gurɓatar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutum wajen miliyan 3 da dubu 200 a duniya, kuma mata da ƙananan yara su ne suka fi zama kusa da murhu.

Abin ba baƙo ba ne a Nijar

Akwai masu ɗaukar murhun rana a matsayin wasan Turawa. Gaskiya ne cewa wani masani ɗan ƙasar Suwis, Horace de Saussure, shi ne ya fara gwada akwati mai murfin gilashi a 1767, ya ga zafin cikinsa ya isa dafa abu. Amma Nijar tana cikin ƙasashen Afirka na farko da suka ɗauki ilmin rana da muhimmanci. An kafa ofishin makamashin rana, ONERSOL, a Yamai tun 1965, kuma Farfesa Abdou Moumouni Dioffo, haifaffen Tasawa a 1929, ya jagorance shi shekaru masu yawa. A can aka ƙera na'urorin ɗumama ruwa da na tace shi da na dafuwa. Ya rasu a 1991, kuma jami'ar Yamai tana ɗauke da sunansa tun 1992. A nan cikin jahar Tawa, tashar lantarkin rana ta Malbaza mai ƙarfin megawat 7 ta fara aiki a 2018. Ashe ba a yau aka san darajar wannan rana ba. Abin da ya rage shi ne ta shiga madafa.

Yadda abin ke aiki ba shi da wuyar fahimta. Da tsakar rana, in sama ta yi garau, kowace mita guda ta faɗi da tsawo tana samun ƙarfin rana kusan wat 1000. Baƙin abu yana shanye haske ya mayar da shi zafi, shi ya sa baƙar riga ke ƙona baya a watan Afrilu. Gilashi kuma yana barin haske ya shiga, ya hana zafi fita da sauri, kamar yadda mota ke zama in an rufe ta a rana. Madubi ko farin ƙarfe mai sheƙi yana karkato haske zuwa inda ake so. Waɗannan abubuwa uku, baƙi da gilashi da sheƙi, su ne dukan sirrin. Bambancin murhu da murhu yana ga yadda aka haɗa su.

Iri uku, hali uku

Na farko shi ne akwati. Akwati ne cikin akwati, an cusa abin tare zafi a tsakaninsu, an shimfiɗa baƙin ƙarfe a ƙasa, an rufe da gilashi, sa'an nan aka maƙala marfi mai sheƙi da ke ƙara turo haske ciki. Mai kyau yana kaiwa digiri 120 zuwa 150. Yana dafa shinkafa cikin awa biyu ko ƙasa da haka, wake da nama cikin awa uku zuwa huɗu, yana gasa burodi da gyaɗa da dankali. Abinci ba ya ƙonewa, ba ya son juyi, uwargida tana iya ɗorawa da hantsi ta tafi sha'aninta.

Na biyu shi ne faranti mai lanƙwasa, mai kama da babbar tasa, wanda ke tattara haske wuri guda a gindin tukunya. Wanda aka fi sani shi ne SK14, ƙirar wani Bajamushe, Dieter Seifert, mai faɗin mita 1,4. Faɗin da yake tarar rana da shi ya kai kusan mita guda da rabi, wato ninki shida na akwatin da gilashinsa ke da santimita 50 a kowane gefe. Saboda haka yana da zafin gaske, yana wuce digiri 200, yana tafasa ruwa cikin mintoci, yana suya. Sai dai rana tana tafiyar digiri 15 a kowace awa, shi kuwa faranti ba ya haƙuri da karkata: sai an juya shi kowane minti 15 ko 20, mai girki tana tsaye kusa, cikin rana.

Na uku shi ne na kwali, mafi araha duka. Kwali ne aka liƙa wa takardar alminiyom, aka lanƙwasa shi ya kewaye baƙar tukunya da aka sa cikin leda mai jure zafi. Ƙungiyar Solar Cookers International, wadda aka kafa a Amurka a 1987, ta fito da irinsa mai suna CooKit a 1994, bisa dabarar wani Bafaranshe, Roger Bernard. An raba shi a sansanin ƴan gudun hijira na Kakuma a Kenya, daga baya kuma a sansanin Iridimi na gabashin Cadi, inda matan Darfur suka riƙa haɗa shi da hannunsu domin rage fita daji neman icce. Yana dafa abincin mutum kaɗan a hankali, amma ruwa da gara da ƙura ba su barinsa ya daɗe.

Abin da rana ba ta yi

Ɗan kasuwa na gaskiya yakan faɗi aibin hajarsa kafin mai saye ya gano. Murhun rana yana da aibi huɗu a ƙasar Hausa, kuma rashin faɗinsu ne ya sa na'urori da yawa da aka raba a ƙasashen Sahel suka koma wurin ajiye tarkace.

Na ɗaya, tuwo. Tuwon hatsi yana son wuta mai ƙarfi da muciya da hannu mai ƙwari. Akwati ba ya tuƙa tuwo, domin da an ɗaga gilashi zafi ya tsere. Faranti yana iyawa, in tukunyar ba ta cika girma ba kuma an kafa shi da kyau. Na biyu, lokaci. Kunun safe ana dama shi kafin rana ta yi ƙarfi, tuwon dare kuma bayan ta faɗi. Abin da rana ke ɗauka shi ne girkin da ke tsakanin ƙarfe tara da ƙarfe huɗu. Na uku, yanayi. Daga Maris zuwa Mayu aiki sai wanda ya gani. Amma a hunturu, ranar da hazo ya rufe sama, da kuma kwanakin hadari na Yuli da Agusta, dole a koma ga icce ko gaz. Iskar Adar ma ba ta wasa: tana iya kifar da faranti tare da miyar da ke kansa. Na huɗu, yawan baki. Gidan mutum ashirin ba ya ƙoshi da tukunyar da akwati guda ke ɗauka.

Don haka wanda ya ce murhun rana zai kori icce daga gida baki ɗaya ya faɗi abin da ba zai iya cikawa ba. Abin da zai yi shi ne ya ɗauke girkin rana, da dafa wake da miya da ruwan wanka, cikin mafi yawan kwanakin shekara. Wannan kaɗai ba ƙaramin abu ba ne, domin wake na cikin abubuwan da suka fi cin icce. Akwai kuma ruwan sha: in ya kai digiri 65 ya jima a haka, ƙwayoyin cutar gudawa suna mutuwa ko bai tafasa ba, kuma ko na kwali yana kaiwa nan.

Lissafin aljihu

Mai karatu ya ɗauki alƙalami ya sa nasa alƙaluma, domin kuɗin icce a Madawa ba ɗaya ba ne da na Tamaske ko na ƙauyen da ake tsinto shi. A ɗauka misali gida yana kashe dala 120, wato faran 600, a kan icce kowace rana, kuma sulusin wannan, dala 40, yana tafiya a girkin rana. A ɗauka kuma cikin shekara an samu kwana 200 da aka yi amfani da murhun. Abin da aka tsimi ya kama jikka 40 a shekara. In murhun ya ci jikka 20, ya biya kansa cikin kwana 100 na girki. In ya ci jikka 120, sai ya yi shekara uku yana aiki kafin ya mayar da uwar kuɗi, kuma a cikin shekarun nan gilashi na iya fashewa, sheƙi na iya dushewa. Wannan lissafi shi ne alƙali. Ya nuna cewa abu biyu ne ke yanke hukunci: kuɗin farko, da kuma ko za a iya gyara na'urar in ta lalace.

A nan ne kayan waje ke da rauni. Kuɗin na'urar a masana'anta daban, kuɗin jirgi da na kamyo da na duwan daban. Tsofaffin ƴan kasuwa ba su manta da Janairun 1994 ba, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi, kayan waje suka ninka kuɗi dare ɗaya. Matasa kuma sun ga abin da ya faru daga 2023, lokacin da aka rufe iyaka da Benin, kayan da ke biyowa ta Kwatano suka yi wuyar isowa. Na'urar da ƙusarta ko gilashinta sai an aiko daga Turai ko Indiya, ranar da ta karye ta mutu ke nan.

Sai dai kayan saye suna da nasu alheri da ba a musu. An auna su, an gwada su, murfinsu yana rufuwa ruf, ƙarfensu mai sheƙi yana jure shekaru a waje. Faranti musamman ba abin da ake yi da ka ba ne: in lanƙwasar ta kuskure, haske ya watse, tukunya ta ƙi zafi, ko kuma ya taru inda ba a so ya ƙona zane ko ya cuci ido.

Abin da kafinta zai iya

Akwati kuwa ba ya fi ƙarfin kafintan Buza ko na Keita. Ana bukatar akwatin waje na katako, da na ciki na farin ƙarfe, a bar tazarar yatsu huɗu tsakaninsu ta kowane gefe da ta ƙasa. A cusa tazarar da busasshen abu mara nauyi: ƙaiƙayi, buntun shinkafa, auduga, ko tsofaffin jaridu da aka cukuikuye. Kada a sa soso ko roba kusa da zafi, domin suna narkewa su ba abinci wari. A shimfiɗa baƙin ƙarfe a ƙasa. A rufe da gilashin taga mai kaurin milimita 4, in da hali biyu, da ƴar tazara a tsakaninsu, domin biyu sun fi ɗaya riƙe zafi. Akwatin ciki kada ya yi zurfi fiye da tsawon tukunya da kaɗan, don zurfi yana jawo inuwa. Marfin sama a liƙa masa madubi ko takardar alminiyom, a sa masa sanda mai daidaita karkatarsa. Tsofaffin farantan alminiyom da gidajen ɗab'i ke zubarwa bayan buga jarida suna yin wannan aiki da kyau, kuma ba su da tsada.

Kuskuren da aka fi yi guda uku ne. Barin kafa a bakin gilashi, inda zafi ke zurarewa. Maganinsa a zagaye bakin da tsumma mai kauri. Amfani da farar tukunya mai nauyi. Abin da ake so shi ne tukunya mara kauri, mai marfi, wadda aka baƙanta bayanta. Sai kuma saurin ɗora abinci bayan an shafa fenti. A bar akwatin ya yi kwana biyu ko uku a rana babu komi ciki har warin ya fita. Wanda ya kiyaye waɗannan ya samu na'urar da in gilashinta ya fashe, mai yankan gilashi na kasuwa zai sake masa wani kafin la'asar.

Akwai abin koyi a tarihin murhun ƙarfe Mai Sauƙi, wanda aka yaɗa a Nijar cikin shekarun 1980. Bai bazu domin an shigo da shi cikin kwali ba. Ya bazu ne domin an koya wa maƙera yanka shi daga tsohon ƙarfe, suka kai shi kasuwa da kuɗin da talaka ke iyawa. Murhun rana ma in zai zauna a Adar, ta hannun kafinta da mai walda zai zauna.

Shawara ga kowa gwargwadon halinsa

Ma'aikacin gwamnati mai ƙaramin iyali, wanda bai taɓa gwadawa ba, ya fara da na kwali. Kwalin shago da takardar alminiyom da yammaci guda sun isa. In uwargida ta ga shinkafa ta nuna, ta kuma ga abin ya dace da tsarin aikinta, sai a je wurin kafinta a yi akwati. In ba ta so, an yi asarar kwali kurum. Wannan mataki yana da muhimmanci, domin sau da yawa maigida ne ke sayen na'ura, alhali kuwa ba shi ne ke tsayawa a madafa ba. Murhun da mai girki ba ta yarda da shi ba, kaji ne za su gaje shi. Ga ma'aikacin da ake yawan sauya wa wurin aiki, akwati yana da wani amfani kuma: yana shiga bayan mota tare da katifa.

Babban gida, ko mai sayar da abinci, ko makaranta mai ciyar da yara, su ne ya kamata su dubi faranti. A nan saye ya fi, ko kuma a sayi farantan masu sheƙi da aka riga aka yanka, mai walda ya ƙera ƙafafu da mazaunin tukunya bisa ma'auni. A kafa shi inda iska ba ta bugu, a nisanta yara da bisashe, a juya fuskarsa daga rana in an gama, kuma kada mai girki ta kalli wurin da haske ke taruwa. Ƙungiyoyin mata na asusu, irin Mata Masu Dubara da aka fara a Maraɗi a 1991, suna iya haɗa kuɗi su mallaki guda su riƙa karɓa-karɓa.

Wanda duk zai saya, ko daga shago ko daga kafinta, kada ya biya sai ya gwada. Ya zuba lita guda ta ruwa cikin baƙar tukunya da ƙarfe goma sha ɗaya na ranar da babu hazo, ya duba agogo. Faranti mai kyau zai tafasa shi cikin kusan rubu'in awa. Akwati mai kyau zai kai shi bakin tafasa cikin awa guda zuwa biyu. Ya tambayi inda ake samun gilashi da ƙarfen sauyi. In mai sayarwa ya yi shiru, amsa ke nan.

Ga ƴan kasuwa kuwa, riba ba ta cikin shigo da na'ura sukutum. Tana cikin gilashi da takardar alminiyom da farin ƙarfe da baƙaƙen tukwane, kayan da ake samu daga Kano da Sakkwato ta hanyar Ƙonni ko Bangi, waɗanda kafinta zai dawo saye duk lokacin da aka ba shi aiki. Akwai ma wata haja da Madawa ta fi kowa iyawa. Garin da ya yi suna a saƙar kaba yana iya saƙa kwando mai zurfi, a lulluɓe cikinsa da auduga ko tsumma, a yi masa matashi a matsayin marfi. Tukunyar da aka sauke da la'asar, in an sa ta ciki an rufe, tana riƙe zafi sa'o'i, har wake ya ƙarasa nuna a can. Da wannan kwando miyar da rana ta dafa tana iya jiran tuwon dare, a rage aibin lokaci da aka ambata a sama.

Hausawa na cewa da tsohuwar zuma ake magani. Kafinta da maƙeri da masaƙiyar kaba suna nan tun kafin a san sunan murhun rana, kuma abin da ake nema a wurinsu bai wuce ma'auni mai kyau da samfur guda da za su duba ba. Akwati a ƙera shi a gida, faranti a saye shi ko a sayi zuciyarsa, na kwali a fara koyo da shi. Matan Keita sun ɗauki duwatsu a ka domin itatuwa su tsaya. Gidan da ya dafa wakensa da rana ya bar reshe guda a jikin ɗaya daga cikinsu.